Saƙon mamaci da hukuncin masu sharhi

Wata huɗu bayan rasuwar matar yayana na kalli wani fim na Amurka mai dogon suna, Marilyn Hotchkiss' Ballroom Dancing and Charm School, kuma da na gama sai na shiga intanet na nemi abin da masu sharhin fina-finai suka rubuta a kansa lokacin da ya fito. Yawancinsu ba su yi masa da daɗi ba. Ƙorafinsu kusan ɗaya ne: fim ɗin ya cika neman hawayen mai kallo, ya tara abubuwan tausayi fiye da kima, kuma labarinsa ya dogara ga haɗuwar da hankali ba ya saurin ɗauka. Na yarda da wani ɓangare na wannan hukunci, amma akwai inda nake ganin sun duba ba su gani ba.

Randall Miller ne ya ba da umarnin fim ɗin, aka fara nuna shi a bikin fina-finai na Sundance a 2005, sannan ya shiga gidajen sinima a 2006. Asalinsa wani gajeren fim ne da Miller ya yi a 1990 a kan yara 'yan makarantar koyon rawa da ladabi a farkon shekarun 1960, kuma ya ɗauko hotunan wancan tsohon aiki ya saka su cikin sabon a matsayin tuna baya. Robert Carlyle, ɗan ƙasar Sikotilan, shi ne ya fito a matsayin Frank Keane, mai gidan burodi wanda matarsa ta kashe kanta ta bar shi cikin ruɗani. Wata rana yana tafe da motar burodinsa ya tarar da hatsari a hanya, a cikin motar kuma akwai wani mutum mai suna Steve, wanda John Goodman ya fito a matsayinsa, rai a hannun Allah. Kafin ya cika, Steve ya shaida masa cewa tun suna yara shi da wata yarinya mai suna Lisa suka yi alkawarin haɗuwa a makarantar rawar nan da ke Pasadena ta Jihar Kalifoniya, ranar biyar ga wata na biyar na shekara ta biyar a sabon ƙarni, wato 5 ga Mayu, 2005, ya kuma roƙe shi ya je a madadinsa. Frank ya je, bai sami Lisa a zauren ba, amma ya ci gaba da komawa mako-mako, har ya saba da wata ɗaliba mai suna Meredith, wadda Marisa Tomei ta fito a matsayinta.

Inda masu sharhin suka yi gaskiya a bayyane yake. Fim ɗin yana tsalle tsakanin lokuta uku, yarintar Steve, sa'ar mutuwarsa da rayuwar Frank bayan haka, kuma sau da yawa ana yanke wani yanayi tun mai kallo bai gama shiga cikinsa ba. Mutumin da ya ji rauni irin na Steve da wuya ya iya doguwar hira haka. An kuma ɗora wa Meredith nata nauyin, ɗan'uwa mai dukanta, kamar dai mutuwa biyu ba su isa ba. Miya ce da aka zuba wa gishiri sau uku.

Sai dai kalmar da suka fi jifan fim ɗin da ita, wato yawan tausayi, ba ta da nauyi ɗaya a ko'ina. Mu a Kano mun tashi ne da fina-finan Indiya, waɗanda 'yan kasuwa Labanawa suka fara shigo da su tun shekarun 1950, iyayenmu suka cika gidajen sinima irin su Plaza da Orion da Marhaba domin kallonsu, daga baya Kannywood ta gaji salon. A wurin mai kallo na nan, fim ya sa ka kuka ba aibi ba ne, sau da yawa ma shi ne shaidar cewa ya yi kyau. Mai sharhin da ya horu a kan cewa baƙin ciki na gaskiya shi ne wanda aka danne, dole ya ga wannan fim a matsayin zuzutawa. Ma'auninsa ne, kuma yana da hujja, amma ba shi kaɗai ne ma'auni ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda aka ɗauki zuwan Frank zauren rawa a matsayin dabarar marubuci kawai, hanyar da za a kai jarumi inda zai haɗu da jaruma. Ni ban gan shi haka ba, domin abin da Steve ya ba shi wasiyya ce, kuma duk Bahaushe ya san nauyin maganar da mutum ya faɗa yana kan gargara. Ko baƙo ne ya damƙa maka ita a bakin titi, ta zama amana a wuyanka. Frank bai fita daga gida don neman farin ciki ba, kuma da wani ya ce masa ya je ya yi rawa ya huce, da bai je ba. Ya fita ne domin akwai saƙon da babu mai isar da shi sai shi.

Na san haka ne saboda na ga irinsa a gidanmu. Yayana tela ne a Fagge. Da matarsa ta rasu aka yi zaman makoki na kwana uku, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane na zuwa suna cewa Allah Ya jiƙanta, yana amsawa da amin ba tare da ya ɗaga kai ba. Bayan sadakar bakwai aka naɗe tabarmi, baƙi suka koma garuruwansu, gidan ya yi tsit. Macen da mijinta ya rasu tana da takaba ta wata huɗu da kwana goma, kowa ya san halin da take ciki, mata na leƙa ta suna ɗebe mata kewa. Namiji kuwa ba shi da wani lokaci da aka ware masa. Ana sa ran ya koma kasuwa, kuma kafin arba'in wasu sun fara yi masa maganar sabon aure. Yayana bai yi gardama da kowa ba. Yakan buɗe shago da safe, ya cire mayafin keken ɗinki, ya zauna yana kallon titi har azahar, tsinken allura a hannunsa babu zare.

Abin da ya motsa shi wata tsohuwa ce maƙwabciyarmu, wadda ta zo da wata leda ɗauke da atamfa guda shida. Ta ce, “Malam, marigayiya ce ta karɓi waɗannan, ta ce za ta sa ka ɗinka wa marayun gidan ƙanena kafin Sallah. Ban so in dame ka ba, amma yaran suna tambaya.” Ya buɗe ledar, ya ga wata 'yar takarda da rubutun matarsa, sunan kowace yarinya da awonta. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, “Inna, ki turo su gobe in sake gwada su, yara suna saurin girma.” A daren nan na ji ƙarar kekensa a karo na farko tun bayan rasuwar. Duk nasihar da muka yi masa ta haƙuri, wadda gaskiya ce kuma ya karɓa, ba ta yi abin da wannan takarda ta yi ba.

Ba ina tallar rawar ba ne. Rawar zaure irin ta Turawa, inda namiji da mace ke riƙe juna suna ƙidaya taku, kamar wals mai bugu uku da ta yi suna a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya ko tango ta ƙasar Ajantina, ba al'adarmu ba ce, addininmu bai yarda da ita tsakanin waɗanda ba muharramai ba, kuma a jihar da ta kafa Hukumar Tace Fina-finai tun 2001 an daɗe ana muhawara a kan rawa da waƙa ko da a fina-finanmu na gida. Amma abin da zauren ya ba Frank ana iya gane shi ba tare da an karɓi rawar ba: rana tsayayya da ake jiransa, malama mai tsauri, wadda Mary Steenburgen ta fito a matsayinta, da ba ta tambaye shi yadda yake ji ba sai dai ta ce ya gyara tsayuwarsa, da kuma aikin da ke buƙatar ƙafa da kunne su haɗu har tunani ya ɗan lafa. A fim ɗin Frank yana halartar wani zama na mazan da matansu suka rasu, inda suke kewaye suna faɗin damuwarsu, kuma daga baya waɗannan mazan suka bi shi zauren ɗaya bayan ɗaya. An yi wa wannan ɓangare kallon abin dariya mai sauƙi, ni kuwa a nan na ga fim ɗin ya fi kusa da gaskiya, domin maza da yawa ba su iya faɗin baƙin cikinsu da baki, sai dai a ba hannunsu abin yi.

Na nuna wa yayana fim ɗin bayan Sallah, ina fassara masa inda Turancin ya yi sauri. Bai ce komai ba a kan rawar, bai kuma kula da tsalle-tsallen lokutan da suka dami masu sharhi ba. Da aka zo inda Frank ya tsaya a ƙofar zauren yana neman matar da bai taɓa gani ba, ya ce in dakata da fim ɗin, ya tambaye ni, “To ya isar da saƙon dai a ƙarshe?”