Nawa zan rubuta, Baba?

Dole ce ta sa muka zaɓi Asabar don wasanmu na golf a Kaduna. Juma'a ta masallaci ce, Lahadi ta coci, mu kuwa a ƙungiyarmu akwai masu zuwa nan akwai masu zuwa can. Mu goma sha shida ne, daga Malali, Barnawa, Unguwar Rimi, har da wani da ke tasowa daga Rigasa, kuma kullum shi ke riga kowa isowa fili. Ƙarfe shida da rabi ake buga ƙwallon farko, rukuni huɗu, mutum hurhuɗu. Ni ne sakatare: ni ke karɓar kuɗin wata, ni ke raba rukuni a WhatsApp daren Juma'a, ni ke shan mita in shayi ya huce kafin a gama rami na 18, wato na ƙarshe.

Dokokinmu na cikin gida ba su da yawa. Ba a caca, ko ta naira ɗaya. Wanda ya makara ya sa tara a asusu. Waya ta zauna a aljihu, a kashe mata murya. In ƙwallonka ya nufi mutane ka ɗaga murya, ko da "Hattara!" ce, musamman a kwanakin hazo da ba ka ganin wanda ke gabanka. Wanda ya shiga ramin yashi ya share sawunsa kafin ya fita. Duk waɗannan ba su taɓa hana ni barci ba.

Gaisuwa ta ɗan wahalar da mu. Rukuni biyu su haɗu a tsakiyar fili, a tsaya ana tambayar iyali, da gajiya, da jikin Hajiya, alhali mutum huɗu na baya sun dafa sanduna suna kallo. Ga kuma ladabinmu na cewa babba ya fara. Babban yana can yana zaɓen sanda, yaro ya shirya tun ɗazu, amma kunya ta hana shi bugawa. Sai da na kawo musu littafin doka na nuna cewa tun gyaran Janairun 2019 hukumomin wasan biyu, R&A ta St Andrews da USGA ta Amurka, sun ƙarfafa cewa wanda ya shirya ya buga in babu haɗari, kuma kada bugu ya ɗauki mutum fiye da daƙiƙa 40. A gyaran nan ne aka rage neman ɓataccen ƙwallo daga minti biyar zuwa uku. Da damina, ciyawar Kaduna ta kai gwiwa, minti ukun nan kamar ƙiftawar ido ne. Shi ya sa nake cewa wanda ya ga ƙwallonsa ya nufi duhuwa ya buga na wucin gadi tun daga nan, kada ya je ya dawo.

Babbar matsalar ita ce lissafi. Golf ba shi da alƙalin wasa mai busa usur a bayanka. Mai ƙarancin bugu shi ke cin wasa, kuma kai ke ƙirga bugunka, abokin wasanka ya rubuta a kati, a ƙarshe ku sa hannu ku biyu. Katin nan ba abin wasa ba ne. A babbar gasar Masters ta Amurka, ta 1968, an rubuta wa Roberto De Vicenzo ɗan Ajantina 4 a rami na 17, alhali 3 ya yi. Ya sa hannu bai duba ba, 4 ɗin ta zauna, Bob Goalby ya ɗauki kofi da ratar bugu ɗaya.

To, akwai dattijon da ya koya mini wasan, tsohon ma'aikacin gwamnati, sa'an mahaifina. Sandunan farko da na riƙe nasa ne ya ba ni. Baba muke ce masa. Baba zai shiga yashi, mu ga yashi ya tashi sau uku, a zo wajen rubutu in ce, "Nawa zan rubuta, Baba?" ya ce, "Shida." Ni da ido na ƙirga takwas. Sai in rubuta shida. Wa zai dubi idon wanda ya haife shi ya ce ba haka ba ne? Matasanmu suka fara turo mini saƙo a keɓe, ɗaya har ya ce in haka za a ci gaba gara ya koma tamaula a Dandalin Murtala. Gaskiyarsa. Rangwamen bugu da ake ba kowa gwargwadon iyawarsa, wato handikaf, daga katunan nan yake fitowa: a tsarin duniya da aka soma a 2020, ana ɗaukar mafi kyawun takwas cikin wasanni ashirin na ƙarshe. In kati ya karkace, rangwame ya karkace, gasar wata ta zama wasan yara.

Ina cikin neman bakin da zan yi wa Baba magana, sai nawa asirin ya tonu. Na daɗe ina jin daɗin cewa ƙwallona ba ya faɗawa mugun wuri. Ko ya shiga ciyawa, sai in tarar da shi zaune a sarari kamar an ajiye shi. Ashe kuwa ajiye shi ake yi. Wata safiya na bi ta gajeriyar hanya, na hango yaron da ke ɗaukar mini jaka yana turo shi da ƙafa daga gindin wata bishiya. Na ce, "Kai, me kake yi haka?" Ya ce, "Yallaɓai, ai in ka ci ka fi sakin hannu." Ban sami abin cewa ba, don gaskiya ya faɗa. A doka kuwa, abin da mai ɗaukar jakarka ya yi, kai ka yi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: ni na koya masa cewa ladansa na bin katina.

Ranar da muka zauna shan shayi na faɗa wa kowa da bakina, na ce a soke katunana na watannin nan. An yi mini dariya har da mai ƙwarewa da shayi. Daga nan muka tsayar da kuɗin 'yan jaka, ka ci ko a ci ka, abin da za ka ba shi ɗaya ne, kuma sakatare ke biya daga asusu.

Sannan muka koma lissafin Stableford, wanda ba na tara bugu ba ne, na tara maki ne. Bayan an cire maka rangwamenka, in ka yi daidai da adadin da aka ƙayyade wa ramin, maki biyu. Ka wuce da ɗaya, maki ɗaya. Ka rage ɗaya, uku. In ka zarce inda za ka sami maki, sai ka ɗauki ƙwallonka ka sa aljihu, a ja layi a kati. Na kawo shi ne don a rage jinkiri, amma sai na lura da wani abu. Baba ba kofi yake nema ba. Lambar tara ko goma ce ba ya son a rubuta gaban sunansa 'ya'yan cikinsa suna gani. Layi kuwa ba ya kunyata kowa. Yanzu in yashi ya riƙe shi, da kansa yake sunkuyawa ya ɗauki ƙwallon yana cewa, "Wannan ramin na bar muku sadaka."

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Har yau in doka ta ba shi damar ɗaukar ƙwallo ya sake shi a wani wuri, daga kafaɗa yake saki, irin na da, sai an tuna masa cewa daga gwiwa ne yanzu, ya yi tsaki ya sake. Ni ma tambayata ce kawai na canja. Na daina cewa nawa zan rubuta. Sai in bi ramin da baki yana ji: "Ɗaya daga farko, biyu gindin bishiya, uku cikin yashi..." in yi shiru daidai nan.

Asabar ɗin da ta wuce, a rami na 14, na yi shirun nawa. Baba ya waiwaya ya dubi yashin, ya motsa yatsu kamar mai jan carbi, ya ce, "Sa bakwai." Na sa. Ya ɗauki sandarsa ya yi gaba, sannan ya juyo ya ce, "Kai kuma ka riƙa yin rubutun nan a can gaba, ka tsare wa na baya hanya."