Milisakan ashirin da suka hana ƙaramar kwamfutata zama lafiya

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sha'awar harhaɗa ƙananan kwamfutoci. Daren jiya, daga bayan sallar isha'i zuwa wajen ƙarfe goma sha ɗaya, na kashe babban makunnin da ke shigo da wutar gari cikin gidanmu har sau 25 da hannuna, a daidai lokacin da kwamfutar ke tsakiyar aiki mai nauyi a manhajar Blender, kuma ko sau ɗaya ba ta mutu ba. Alhamdu lillahi. Wanda bai san abin da na sha a cikin makonni bakwai da suka wuce ba zai ɗauka wannan ƙaramin abu ne, amma ni na san daren da na rasa aikin awa huɗu a cikin ƙiftawar ido, na zauna ina kallon baƙin allo, ina jin kamar in kwance komai in mayar cikin tsohon babban akwatina.

Na yi niyyar wannan karon in kawo muku bayanin sanyaya furosesa da tsara wayoyi, amma matsalar fawa-fak, wato akwatin da ke juya wutar soket ya rarraba wa sassan kwamfuta, ta cinye lokacin duka, har ma ta rusa tsarin wayoyin da na riga na gama, don haka sai dai in faɗi abin yadda ya zo.

Akwatin Cooler Master NR200 ne, mai ɗaukar lita 18 da ɗoriya, kuma ban ga laifinsa ba har yau. Katin girafik ɗin na wat 320 ne, furosesa kuma tana cin kimanin wat 90 idan aiki ya yi zafi, sauran kayan su ɗauki kusan 40, wato jimilla wat 450 ke nan. Mitar da nake sakawa a soket tana nuna kusan 490, abin da ya dace da asarar da ake yi a cikin fawa-fak. Bisa wannan lissafi na sayi ƙaramin fawa-fak irin wanda ake kira SFX, mai wat 650, mai shaidar 80 Plus Gold, na hannu, daga wani dillali a Legas, ina ganin na bar rarar wat 200 wadda za ta ishe ni. Ta fuskar wat kuwa lissafin bai yi kuskure ba, domin na bar na'urar tana aiki da cikakken nauyi na awa shida a jere ba ta ko girgiza ba.

Matsalar ba ta bayyana sai an ɗauke wuta. Gidanmu yana da inbata ta sola mai ba da wuta mai santsi irin ta gari, kuma shekaru uku tsohuwar kwamfutata tana kanta, ana ɗauke wuta ana kawowa, ba ta taɓa sanin an yi ba. Wannan sabuwar kuwa, idan tana zaune ba ta aikin komai, sai a ɗauke wuta ta wuce lafiya. Idan kuma katin yana aiki, da zarar inbata ta yi ƙarar "ƙas" ɗin nan tata, sai allo ya yi baƙi, fankoki su tsaya, bayan sakan biyu ta sake tashi da kanta. A rajistar Windows babu abin da nake samu sai Kernel-Power mai lamba 41, wanda duk mun san ba ya faɗin komai illa cewa na'ura ta mutu ba a kashe ta ba.

Makonni biyun farko na ɓata su ina bin abin da ba shi ba ne. Na zargi tsallen wutar da manyan katuna ke yi na ɗan ƙanƙanin lokaci, tunda shi ne dalilin da ya sa ƙa'idar ATX 3.0 da Intel ya fitar a 2022 ta buƙaci manyan fawa-fak su jure ninki biyu na ƙarfinsu na tsawon maikurosakan 100. Na raba wayoyin katin, kowace kafa mai fil takwas da wayarta daban daga fawa-fak maimakon waya ɗaya mai rassa biyu, wanda dama shi ne daidai tunda kowace kafa wat 150 aka ƙayyade mata. Na sake danna kowane fulogi har sai na ji ya kama. Duk wannan bai canza komai ba, kuma da na natsu na ga dalili: da tsallen katin ne, da mutuwar ba za ta riƙa jiran a ɗauke wuta ba.

Daga nan na koma ga UPS, wato na'urar batir da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta. Ƙaramar da ke gida mai VA 650 ce, ainihin ƙarfinta bai kai wat 400 ba, sai ta fashe da kuka tana nuna nauyi ya yi mata yawa tun kafin a je ko'ina. Na aro mai VA 1200 a wurin wani abokina, amma irin wadda wutarta ke fita hawa-hawa kamar matakala ce idan ta koma kan batir. Fawa-fak ɗinmu na yanzu kusan duka suna da sashen PFC mai bin siffar wutar da ke shigowa, kuma wasu daga cikinsu ba sa jituwa da irin wannan wuta. Nawa ya riƙa yin wani zuu mai kaifi da ba na so in sake ji, kuma a gwaji na uku ya mutu. UPS ɗin da ke magance wannan gaba ɗaya ita ce wadda kullum take juya wuta ta cikin inbatarta, ba ta da giɓin sauyi ko kaɗan, amma kuɗinta ya fi na fawa-fak, fankarta ba ta yin shiru, kuma girmanta ya kai na kwamfutar kanta. Wanda ya sha wahalar matse na'ura cikin lita 18 ba zai so ya ajiye wani ƙaton akwati a gefenta ba.

Injiniyan da ya haɗa mana sola ne ya buɗe mini ido, ranar da ya zo duba ruwan batir. Na ba shi labari, sai ya danna maɓallan inbatar, ya nuna mini haruffa uku a ɗan allonta, APL, ya ce: "Malam, ai a tsarin kayan gida na bar muku ita, saboda wutar unguwarku ba ta da ƙarfi da yamma." Ya ɗauko littafinta daga saman akwatin batir, ya kaɗe ƙura, ya buɗe mini shafin. A tsarin kayan gida inbatar tana karɓar wuta daga bolt 90 zuwa 280, kuma tana ɗaukar milisakan 20 kafin ta koma kan batir. A tsarin UPS kuwa tana karɓa daga bolt 170 zuwa 280, sauyin kuma milisakan 10 ne.

A daren nan na fahimci cewa duk tsawon lokacin nan wat nake ƙirgawa alhali lokaci ne ya gaza. A cikin milisakan ashirin ɗin nan babu wutar gari, babu ta batir, abin da ke riƙe da kwamfuta kawai shi ne cajin da ke cikin babbar kafasitar fawa-fak, wato sashen da ke adana 'yar wuta na ɗan lokaci. Tsohuwar ƙa'idar ATX ta ce fawa-fak ya iya riƙe wuta milisakan 17 a kan cikakken nauyi, wato kusan zagaye ɗaya na wutar da ke juyawa sau 60 a sakan kamar ta Amurka. Tamu sau 50 take juyawa, zagayenta ɗaya milisakan 20 ne. ATX 3.1 ma ta sassauta sharaɗin zuwa milisakan 12 a kan cikakken nauyi. Ma'ana, fawa-fak yana iya cika ƙa'ida tsaf, amma ya kasa tsallake giɓin irin inbatarmu idan an ɗora masa kaya sosai. Shaidar 80 Plus da na dogara da ita kuwa ba ta auna wannan, ingancin amfani da wuta take dubawa.

A nan ne ƙanƙantar SFX ke nuna kanta. Jikinsa milimita 125 ne a faɗi, 63.5 a kauri, 100 a tsawo, yayin da babban fawa-fak na ATX na yau da kullum yake 150 da 86 da 140. Idan aka lissafa, SFX bai kai rabin cikin ATX ba, kuma a wannan ɗan wuri za a cusa taransifoma da fanka mai milimita 92 da ƙarafan sanyaya da kafasita, don haka kafasitar ba ta samun filin da take samu a babban fawa-fak. Ban buɗe nawa ba, kuma ina roƙonku kada ku buɗe naku, domin kafasitar tana iya riƙe kusan bolt 400 bayan an zare waya. Tocila na haska ta tsakanin fukafukan fanka, na karkata kai, na juya fukafukin da tsinken ashana har na hango farin rubutun da ke jikin baƙar rigarta: maikurofarad 330, bolt 420, digiri 105.

Na zauna da takarda. Na ɗauka cewa tana cike a bolt 380, kuma fawa-fak zai saki wuta idan ta sauka zuwa 320. Rabin 330 na maikurofarad sau bambancin murabba'in waɗannan lambobi biyu ya ba ni kusan jul 7. Idan aka raba jul 7 da wat 470, wato tsakanin 450 da kayan ke ci da 490 da mita ke nunawa, sai a samu milisakan 15 ko ƙasa da haka kaɗan, kuma wannan idan kafasitar sabuwa ce. Tawa ta hannu ce, ban san zafin da ta sha ba, kuma sananniyar ƙa'ida ce cewa ƙarin digiri 10 na zafi yana rage rabin rayuwar irin wannan kafasita. A zaune kuwa, lokacin da na'urar ke cin wat 70, jul bakwai ɗin nan za su kai ta kusan milisakan 100. Lissafin ya yi daidai da abin da idona ya gani, har da dalilin da ya sa tsohuwar kwamfutata, mai babban fawa-fak da ƙaramin kati, ba ta taɓa mutuwa ba. Ban taɓa jin daɗin lissafi irin na wannan dare ba.

Da safe na mayar da inbatar tsarin UPS, kuma kwamfutar ta tsallake gwaji goma a jere. Na yi kwana huɗu ina ganin an gama. Sai dai daga magariba wutar unguwarmu takan sauka ƙasa da bolt 170, inbatar ta ƙi karɓarta ta koma kan batir, firji da fankokin ɗakuna su zuƙe shi, kafin ƙarfe ɗaya na dare gida ya yi duhu alhali maƙwabta suna da wuta. Ba zan hana mutanen gida barci a cikin zafin Kano saboda na'urata ba, don haka na mayar da ita APL. Na gwada rage wa katin ƙarfi zuwa kashi 70 cikin ɗari, abin ya ragu, amma har yanzu tana mutuwa jefi-jefi, kuma ban sayi katin don in ɗaure masa ƙafa ba.

Babu makawa sai sabon fawa-fak. Na yi tunanin SFX-L, wanda ya fi da milimita 30 a tsawo kuma yake ɗaukar fanka mai milimita 120, kuma akwatin yana karɓarsa. Na yanka kwali daidai girmansa na saka a gurbin, sai na ga cewa wayoyin za su fito su danne bayan katin, babu inda za su lanƙwasa. Na haƙura na tsaya a kan SFX. Wannan karon ban dubi launin shaida ba, rahoton Cybenetics, masu gwajin fawa-fak, na nema, domin suna rubuta tsawon lokacin riƙe wuta na kowane fawa-fak da suka auna. Na zaɓi mai wat 850 wanda ya haura milisakan 17 a kan cikakken nauyi. Ba na buƙatar wat 850, amma a kan nawa nauyin na wat 450 wannan yana nufin sama da milisakan 30, kuma lokacin nan shi na biya wa kuɗi.

Kuɗin ya yi mini ciwo. Naira 285,000 har da kuɗin kawowa, bayan 120,000 da na riga na kashe a kan na farko. Araha ba ta ado, na yarda. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gajerun wayoyin da na sa aka yi mini daidai tsawon akwatin nan a kan naira 38,000, waɗanda na yi yini guda ina kwantar da su. Fulogansu sun shiga sabon fawa-fak ɗin daram, kuma na ji zuciyata tana cewa in bar su. Na ɗauko mita, na haɗa koren waya da baƙa don ya tashi, na auna fulogin SATA, mai ba faifai wuta, kafin in jona masa komai, sai ga bolt 12 a inda ya kamata a samu bolt 5. Da na jona, da faifan da ke ɗauke da ayyukana na shekaru ya ƙone nan take. Gefen da ke shiga na'ura ne kawai yake da ƙa'ida ɗaya, gefen fawa-fak kowane kamfani yana jera filolinsa yadda ya ga dama, wani lokaci ma samfuri biyu na kamfani ɗaya ba sa daidaituwa. Na cire su duka, na saka waɗanda suka zo a kwali.

Yanzu inbatar tana kan APL, katin yana kan cikakken ƙarfinsa, kuma sakamakon shi ne sau 25 ɗin da na fara faɗa muku. Na juya fankar fawa-fak ɗin tana fuskantar murfin gefe mai ramuka don ta sha iskar waje, kuma da hunturu ya shigo zan riƙa cire ragar ina kaɗe ƙura duk mako. Sabuwar wayar madabod mai fil 24 ta fi tsohuwar tsawo da tauri, tana turo murfin baya har sai na danna shi da tafin hannu kafin ya kama, saboda haka na sayi fil da ɗan kwali na waya mai lamba 16, kuma ranar Asabar, in Allah ya yarda, zan zana taswirar filolin sabon fawa-fak ɗin da mita, ɗaya bayan ɗaya, kafin in yanka ko da waya guda.