Jirgin farko na faɗuwa ne

Asalina mai gyaran waya ne a Farm Centre, nan Kano. Wata rana wani yaro ya kawo min ɗan helikwaftansa na wasa, waya ɗaya ta tsinke daga jikin batir. Na ɗora mata dalma, ko minti biyar ban yi ba, na miƙa masa. Ya ajiye shi a kan teburina ya tura sandar rimot, abin ya tashi ya tsaya cak a iska, saitin fuskata. Masu shagunan da ke kusa duk suka taru. Kafin wata ya ƙare na yi odar guda shida, yanzu kuma rabin shagon jiragen rimot ne da kayan gyaransu, wayoyi sun koma gefe guda.

Cinikin yana da lokaci. Ana gobe Sallah da kwanakin hutun makaranta ba na samun zama, sauran shekara kuwa gyara ne ke riƙe da ni. Yawancin kayan daga Sin suke zuwa, daga birnin Shantou na lardin Guangdong, inda kamfanoni irin su Syma da WLtoys suke. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023 na daina rubuta kuɗi a jikin kwali, saboda kafin kaya su iso farashin ya riga ya canza.

Duk wanda ya shigo, idonsa kan babba yake fara sauka. Ni kuma abin da nake fara tambaya shi ne: a ina za ka tashe shi, kuma ka taɓa riƙe rimot? Wannan tambayar da tsada na koye ta. A shekarata ta farko wani Alhaji ya zo saya wa ɗansa kyautar saukar Alƙur'ani. Ya nuna wani babba da na rataye a sama don ado, irin wanda ake kira 450, farfelarsa ta kai kusan santimita 70 daga baki zuwa baki. Na san ba na yaro ba ne. Amma ribarsa ta fi ta ƙanana goma, sai na yi shiru na sauko da shi. Kwana uku ya dawo da shi a cikin leda, farfela ta dagargaje, sandar tsakiya ta lanƙwashe, giyar ta zube haƙora.

"Malam, wannan abu ko ƙasa bai bari ba. Juyawa ya yi kawai ya daki katanga."

"Ranka ya daɗe, laifina ne. Ban gaya maka gaskiyarsa ba."

Allah ya kiyaye katanga ya daka, ƙannen yaron suna tsaye a wurin. Na karɓi gawar, na ba su ƙarami, na ci asarar. Har yau tana nan a ƙasan kantar shago, ina ciro ta in nuna wa duk wanda ya nace.

A jikin kowane kwali za ka ga an rubuta 3CH ko 4CH ko 6CH. Lambar nan yawan umarnin da rimot zai iya ba jirgin take nufi. Mai 3 yana hawa da sauka, yana juya hanci dama da hagu, yana gaba da baya. Kusan dukkansu farfela biyu gare su, ɗaya a kan ɗaya, kowacce tana juyawa saɓanin 'yar'uwarta, shi ya sa jikin jirgin ba ya wulwulawa, ko ka saki sandar dama zai tsaya inda yake. Wanda ya fi shahara a wannan aji shi ne Syma S107G, tsawonsa bai fi tafin hannu da ɗan ɗori ba, firam ɗinsa na ƙarfe, yana faɗuwa ya tashi kamar ba a yi ba. Sai dai a san abu ɗaya: rimot ɗinsa da hasken infrared yake aiki, irin na talabijin. Ka fita da shi tsakar gida da rana, hasken rana zai danne saƙon, jirgin ya daina jin magana. Da yawa sun dawo min da shi suna cewa ya lalace, alhali lafiyarsa ƙalau, na ɗaki ne. A ɗakin ma a kashe fanka. Wanda ke son tsakar gida ya duba inda aka rubuta 2.4GHz, wannan da igiyar rediyo yake aiki, rana ba ta dame shi ba.

Ga yaro ɗan shekara goma, ko babban da nishaɗi kawai yake nema bayan la'asar, mai 3 ya wadatar. Amma ba na ɓoye wa kowa cewa ba ya koyar da tuƙi sosai. Cikin sati biyu ka gama da shi.

Wanda ya ce min da gaske yake son koyo, mai 4 nake miƙa masa, mai farfela ɗaya a sama da ƙarama a jela, irin WLtoys V911. Umarni na huɗu shi ne zamewa gefe, dama ko hagu, ba tare da ya juya hanci ba. A nan ake fara aikin gaske, don wannan ba ya tsayawa da kansa kamar na farko, kullum yana neman sulalewa wani gefe, kai kuma kana dawo da shi da ɗan taɓi kaɗan-kaɗan. Nauyinsa bai taka kara ya karya ba, in ya faɗo a kan tabarma sau da yawa ƙura kawai za ka kaɗe. Wannan rashin nauyin shi ne dalilin da ya sa nake son sa, don ƙarfin faɗuwa daga nauyi da gudun farfela yake zuwa. Babban jirgi in ya faɗi sau ɗaya, kuɗin gyaransa ya sayi ƙarami sabo.

Mai 6 kuwa wani karatu ne daban. A sauran, gudun motar da ke juya farfela ke sa jirgi ya hau ko ya sauka. A wannan, farfela tana gudu da ƙarfi koyaushe, kwanciyar fuka-fukanta ce ke canzawa, har yana iya tashi a kife, ƙafafu a sama. Su Align T-Rex na Taiwan da XK K110 duk nan suke. Bidiyonsu ne ke ruɗar matasa a YouTube. Ina ce musu mai wannan bidiyon ya fasa jirage da yawa kafin a kunna kyamara, kuma ya yi awoyi a manhajar gwaji irin RealFlight a kwamfuta, inda faɗuwa kyauta ce.

Kafin ka biya, ko a wurina ko a wani wuri, ka ce a nuna maka kayan gyaransa: farfela, giya, motar jela, ƙafafu, batir. In mai shago ya ce "za su zo", ajiye kwalin. Akwai masu kyan gani da ba su da suna a jiki, ranar da ƙaramar roba ɗaya ta karye ranar suka zama kayan ado. Motocin ƙananan nan ma suna da ajali, masu buroshi ne, wato ɗan abin da ke gugar cikin motar yana kai mata wuta, suna cinyewa, dole wata rana a canza.

Batir shi ne inda aka fi yi min gardama. Mutum zai caja na kusan minti 40, ya tashi na minti 6 ko 7, ya dawo yana cewa na sayar masa da mataccen batir. Haka suke. Irin batirin da ake kira LiPo ne, ƙwaya ɗaya mai 3.7V, in ya cika ya kai 4.2V. Maganin shi ne ka sayi uku ko huɗu, in jirginka irin wanda ake zare batir ne. Da zarar ka ji ƙarfi ya ragu ka sauka, kada ka tatse shi har ya mutu. Ka bari ya huce kafin ka sa caji, kada ka sa caji ka fita, kuma kada ka bar shi a mota. Zafin Afrilu a Kano yana wuce digiri 40 a inuwa, balle a cikin motar da aka rufe. Wanda ya kumbura kamar ƙosai ya gama aiki, kar a huda shi, wuta yake kamawa. Rashin wutar lantarki bai zama matsala ba, yawancinsu da USB suke caji, fawa bank ya isa.

Hunturu kuma ƙura ce abokiyar gabarmu. Tana shiga haƙoran giya tana ci. Tsohon buroshin haƙori nake sa wa, ba na zuba mai, don mai kama ƙura yake ya zama kwaɓi. Rabin jiragen da ake kawo min da ƙorafin "ba ya tashi", in na buɗe gashi ne ko zaren kafet ya nannaɗe sandar farfela. Wannan ba na karɓar kuɗinsa.

Duk wanda ya saya sai na tsayar da shi minti goma a bayan shago. A fara kunna rimot, sandar hagu, wadda ke ba farfela wuta, tana can ƙasa, sannan a haɗa batir, a ajiye jirgin a wuri mai daidai ya ɗan nutsu kafin a taɓa komai. Jela ta kalle ka, don in hancinsa ya fuskance ka damarka ta zama hagunsa, nan ne kowa ke rikicewa. Ka ɗaga shi ya wuce gwiwa, domin dab da ƙasa iskarsa na dawo masa tana kaɗa shi. In ka ga zai daki abu, sauke sandar hagu gaba ɗaya ka bar shi ya faɗi. Farfelar da ta maƙale mota na tura ta ita ce ke cin giya ta ƙona allon lantarkin jirgin. Ina kuma ja musu kunne su nisanci filin jirgin Malam Aminu Kano da barikoki da taron jama'a. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta ce sai da izini ake tashin jirage marasa matuƙi a sararin Najeriya, kuma jami'in tsaro ba zai tsaya tantance na wasa da na leƙen asiri ba.

Yaron Alhajin nan yanzu yana jami'a. Ya cinye farfela ta fi ashirin a kan mai 4 kafin na yarda na yi masa odar K110. Makon jiya ya zo sayen giya, ya hango ledar nan a ƙasan kanta, ya tambaye ni nawa zan sayar masa da ita ya gyara. Na ce ya fara kawo min K110 ɗin in ga ƙafafunsa.