Tawadar da sifirit ya wanke

Wannan makon na miƙa makullin ɗakin ajiyar kwalaben samfurin dabbobin teku na ɗakin bincikenmu, bayan shekara huɗu ina hawa trotro, motar haya, daga Nima a Accra kullum da sassafe. Waɗanda muka yi aiki tare sun san labarin kwalabe bakwai ɗin nan, amma daga bakin Dokta, shugabanmu a wurin aikin, suka ji shi.

Tun da jirgin ruwan bincike mai suna Dr Fridtjof Nansen ya gano tudun murjani mai rai a zurfin kusan mita 400 a tekun yammacin Gana a 2012, kowa a ɗakinmu ya sa rai cewa akwai halittun da ba a taɓa raɗa wa suna ba a can ƙasa. Ni furen teku aka ba ni, shi da danginsa masu manne wa kwanson ƙaguwa. Dabba ce ba ƙashi, ba ɓawo. In ta fito daga ruwa sai ta dunƙule kamar ƙullin tuwo, launinta ya gudu. Shi ya sa ake raba ta biyu: jikin a fomalin, ruwan da ke hana ruɓewa, don a yanka shi siriri a duba tsoka da ƙwayoyin harbinta a madubin ƙara girma, sannan ɗan tsoka kaɗan a sifirit mai ƙarfi, don fomalin yana lalata DNA, sinadarin gado da ake bambance jinsi da shi. Lamba ɗaya ce ke haɗa kwalaben biyu.

Lambar nan na rubuta da biro. Na yanka takarda, na rubuta da kyau, na jefa cikin kowace kwalba kamar yadda na ga ana yi. Bayan mako uku na buɗe firiza, takardu bakwai na sifirit sun koma fari fat, ruwan ya yi shuɗi. Ɗaya daga cikin bakwai ɗin ce DNA ɗinta ya ƙi dacewa da duk abin da ke ma'ajiyar bayanai. Amma tsokar wane jiki ce? A wane zurfi aka kamo ta? Babu mai iya rantsuwa. Ba a raɗa wa sabon jinsi suna sai an ajiye samfuri guda a gidan adana, a nuna shi a ce wannan ne. Mu kuwa ga jiki bakwai, ga shaida ɗaya, mun rasa wanda za mu aura mata.

Laifina ne, ban taɓa musu ba. Abin da har yau ke cin raina shi ne yadda Dokta ya tsaya a gaban ɗalibai ya ce ko ɗan firamare ya san da fensir ake rubuta takardar kwalba. Na ce, "Dokta, ba a taɓa gaya mini ba." Ya ce ba makarantar allo ya buɗe ba. Shi ne kuwa ya miƙo mini biron ranar, yana sauri zai tafi taro. Daga nan sunana ya ɓace daga takardar binciken da muka yi wata takwas a kanta, alhali ni na auna ƙwayoyin harbi ɗaya bayan ɗaya har idona ya riƙa ruwa. Ko a sashen godiya ban samu layi ba.

Da na gaya wa Mma, ba ta gane wace dabba ba ce, ta dai ce, "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke. Koma aikinka." Na koma.

Sauran abin da na koya ba shi da yawa. A ɗauki hoto kafin launi ya gudu. A kwantar da dabbar da gishirin magnesiyam kafin a sa ta a fomalin, in ba haka ba ta dunƙule, aikin ya ɓaci. Kada a gaskata ido kaɗai: Relicanthus daphneae, wani mai siffar furen teku na tekun Fasifik, mai hannaye kusan mita 2, an sa shi a wani dangi a 2006, DNA ya fitar da shi daga can a 2014. Kuma duk wanda ya ce ka auna masa, ka tambayi inda sunanka zai zauna tun kafin ka taɓa madubi.

Yarinyar da za ta karɓi wurina ta zo ranar Litinin. Na zauna da ita awa biyu, na nuna mata littafin rajista da na buɗe da hannuna, kwalba sama da ɗari uku, babu wadda lambarta ta sake ɓata. Kwalaben nan bakwai suna nan a layin ƙasa na firiza, na hana a zubar. Na bar mata kwalin fensir a aljihun tebur na hagu.