Lambun Bayan Gida: Inda Aka Kwana da Shukar Farkon Damina a Marwa

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyon lambu. Ga inda aiki ya tsaya a wajena nan Marwa, arewacin Kamaru, a wannan ƙarshen Mayu.

Shamuwa ta iso, gawo ya fara zubar da ganye, hadari kuma yana haɗowa daga gabas da yamma, sai guguwa ta watsa shi. An yi ruwa a unguwarmu, maƙwabta har sun fito da iri, amma ni ban taɓa nawa ba tukuna. Dalili shi ne gwangwanin da na kafa a tsakar lambu. Gwangwani ne miƙaƙƙe, bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya, na ɗora shi kan turke nesa da bango da bishiya. Da an ɗauke ruwa sai in zura rula. Abin da ya taru bai kai santimita ɗaya ba. Na tona ƙasa da yatsa, laima ba ta wuce gaɓa biyu ba, ƙarƙashinta ƙura ce.

Masu binciken noma a yankin Sahel suna da ma'auni: sai an sami milimita 20 cikin kwana 3 a jere, kuma ba a yi fari na fiye da kwana 7 a cikin wata ɗaya da ya biyo baya ba, sannan a ce damina ta kankama. Rabin farko gwangwani zai gaya maka. Rabi na biyu kuwa sanin gaibu ne, sai Allah. Ruwan Marwa wajen milimita 800 ne a shekara, mafi yawansa kuma a Yuli da Agusta yake sauka, saboda haka ruwan Mayu sau da yawa yaudara ne: iri ya tsiro, rana ta ƙone shi. Ku na Garwa damina takan riga mu isowa wajenku, kada ku ɗauki kwanakina ku yi aiki da su.

Tunda ba a san gaba ba, na raba irin kuɓewa da yakuwa da rama kashi uku. Kashi na farko zai shiga ƙasa da zarar gwangwani ya nuna santimita 2, wato milimita 20 ɗin nan, kuma a 'yan kunyoyin da ke kusa da randa kawai, waɗanda zan iya shayarwa da hannu in ruwa ya ɗauke. Lissafin mai sauƙi ne: milimita ɗaya na ruwan sama daidai yake da lita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya. Fangali mai murabba'in mita 10 ke nan yana son lita 100 kafin a ce ya sha santimita ɗaya. Duk wanda ke sayen ruwan jarka ya san abin da wannan ke nufi a aljihu, shi ya sa na ƙuntata wurin. Kashi na biyu sai tsakiyar Yuni, na uku kuma ajiya ne don cike gurbi. Irin kuɓewa ina jiƙa shi ya kwana kafin shuka, amma wanda aka jiƙa ba a yin binne da shi, sai ƙasa mai laima.

Alayyafo da lalo ba su da wahala, suna cikin inuwar zana suna shan ruwan wanke-wanken da ba sabulu.

Tumatir ne abin muhawara. Zafin da muka sha a Afrilu, sama da digiri 40, furensa ba ya jurewa, zubewa yake yi. In ya tsallake wannan kuma markar Agusta ta kawo masa ruɓa da ciwon ganye. A ganina tumatirin damina a nan caca ne. Na yi renon kaɗan a gwangwanaye don gwaji, tare da attarugu da yalo, reno biyu da tazarar mako biyu, domin dashen da ya wuce wata guda a wurin reno zanƙalewa yake yi. Babban tumatir sai Oktoba, lokacin da manoman Meskin, kusa da Marwa, ke renon albasarsu. Su sun daɗe da gane cewa sanyin hunturu da ruwan rijiya sun fi ruwan sama tabbas.

Ban da fari akwai ɗaya gefen. Ba mu manta ambaliyar 2024 ba, yadda ta yi wa garin Yagwa da ƙauyukan bakin kogin Logon ɓarna. Ƙasar lambuna baƙar laka ce mai tsagewa da rani, in ta sha ruwa kuma ba ta saki. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun yanzu na ɗaga kunyoyi kamar taƙi ɗaya, na haƙa magudana zuwa bakin hanya. Na shimfiɗa karan dawa a kai don riƙe laima, sai dai gara ta fara shigarsa, na janye shi daga inda tsiro zai fito, na barbaɗa toka.

Masu lambu a bakin Mayo Kaliyawo, rafin nan na Marwa, ina son jin yadda kuke yi da ƙasar yashi, ko kuna jiran santimita 2 ɗin ko kuna shuka tun kafin nan. Ni dai aikin makon gobe shi ne gyaran shinge, awakin maƙwabta sun fara leƙen alayyafo.