Mukayyif ɗin da na lulluɓe da darduma a Tabuka

A Makka aka haife ni, can na girma. Kakanmu ne ya taso daga ƙasar Katsina, ya bi ta Chadi da Sudan, ya ƙetaro Bahar Maliya don sauke farali, daga nan bai koma ba. Duk wanda ya san Makka ya san aikin na'urar sanyaya ɗaki, wadda muke kira mukayyif, guda ɗaya ne tak: ta kore zafi. Ko a tsakiyar hunturu, abin da ya fi shi ne ka kashe ta ka ja mayafi. Har na kai shekara talatin da ɗoriya ban taɓa tunanin wannan na'ura tana da wani amfani bayan wannan ba.

A ƙarshen 2021 aiki ya kai ni Tabuka, can arewa wajen iyakar Jodan. Na kwashi maiɗakina da yara biyu da Inna, muka kama haya a bene na biyu na wani gida. Mun isa a Nuwamba, iska ta fara kaɗawa. Ɗakuna biyu suna da mukayyif irin mai gida biyu, wato ɗaya a manne a bangon ɗaki, ɗaya akwatin mai fanka a can saman rufin bene. Ɗakin yara kuwa tsohon na taga ne. Da na hau sama ranar da muka tare, na ga tattabaru sun mai da akwatunan nan wurin hira, ga ƙura ta yi musu fari fat. Sai na ce tunda ba za a kunna su ba sai bazara, bari in yi abin kirki. Na ɗauko tsohuwar darduma da leda, na naɗe su tsaf, na ɗaure da igiya, na sauko ina jin kaina mai tattali.

Larabawan nan suna da kwanaki kusan arba'in da suke kira Murabba'aniyya, suna kamawa wajen 7 ga Disamba, su ne farkon tsananin sanyi. Mutumin Kano zai ce ai ya san hunturu. To, na Tabuka daban ne. Da asuba ma'auni kan sauka digiri 3 ko 4, wani dare ya taɓa sifiri, kuma a dutsen Jabalul Lauz da ke yankin har dusar ƙanƙara kan zuba, mutane su yi ta tururuwa da motoci zuwa kallo. Gwiwoyin Inna suka fara ciwo. Ranar nan na dawo na tarar ta aiki yaron maƙwabta ya sayo mata gawayi.

"Inna, wannan fa?"

"Kasko zan hura. Haka uwata take yi, kuma ba ta mutu da sanyi ba."

"Ki yi haƙuri Inna, ɗakunanku na da suna da kafofin iska. Wannan kuwa in an rufe ƙofa da taga, ko sauro ba ya samun hanya."

Ba ta ji daɗi ba, amma ban sassauta ba. Gawayi idan yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum ya kwanta barci ya zarce. Kowace shekara hukumar kare fararen hula ta Saudiyya sai ta yi ta jan kunne a kan wannan. Na fita na sayo daffaya guda biyu, wato hitar nan ta lantarki mai jan ƙarfe, kowace wat 2,000. Ɗumi ya samu, amma iya wanda ya zauna gabanta, kuma kullum hankalina yana kan ƙaramin yaronmu da ke rarrafe.

Maiɗakina ce ta gano bakin zaren. Tana goge rimot sai ta lura akwai hoton rana a gefen hoton ƙanƙara. Ta tambayi matar maƙwabcinmu, aka ce mata ai wannan "har wa barid" ne, zafi da sanyi, kowa a gidan da shi yake ɗumama ɗaki. Da daddare na danna hoton ranar, na kai lamba 30. Shiru. Minti ɗaya, biyu, fanka ba ta motsa ba, har na fara cewa ya lalace. Can sai iska mai ɗumi ta fara fitowa, Inna ta ce "Ikon Allah!" Ba a yi rabin awa ba ɗumin ya ragu, ya koma iska mai sanyi-sanyi, sannan na'urar ta tsaya cak. Na kashe na kunna, haka. Sai a karo na uku maiɗakina ta dube ni ta ce, "Abban yara, ba kai ne ka ce ka naɗe na sama da darduma ba?"

Na ɗauki tocila na hau. Dardumar ta manne da bayan akwatin, da na ɓamɓare ta sai ga ƙanƙara ta lulluɓe siraran ƙarafan nan kamar cikin tsohon firiza. Na tsaya a sanyin nan ina kallon aikin hannuna. Rashin sani ya fi dare duhu.

Abin da ban fahimta ba a lokacin, sai daga baya wani dattijo mai gyara ya warware mini. Bahaushen Sudan ne, mutumin Maiwurno da ke bakin Shuɗin Nilu, ya daɗe a Tabuka, abokan sana'arsa suna ce masa Usta, ni kuwa Kawu nake kiransa. Ya ce, "Ɗana, wannan abu ba ya ƙirƙirar zafi, dako yake yi. Ka taɓa sa hannu a bayan firiji ka ji ɗumi? Zafin cikin ne ya kwaso ya zubar a waje. Da bazara mukayyif yana kwasar zafin ɗakinka ya kai sama. Da hunturu akwai wani bawul mai hanya huɗu da ke juya tafiyar gas ɗin da ke zagayawa a bututun na'urar, sai ya kwaso zafin waje ya kawo maka ciki." Na ce, "Kawu, wane zafi ne a waje da asubar Tabuka?" Ya yi dariya. Gas ɗin da ke cikin nawa, R410A, idan ba a matse shi ba yana tafasa ne a wajen digiri 51 ƙasa da sifiri. A wurinsa iskar digiri 3 mai zafi ce. Yana tsotsar ɗumin da ke cikinta, kwamfiresa, wato injin matse gas, ta matse shi ya ƙara zafi, ya sauke a ɗaki. To idan ka toshe wa akwatin waje iska, daga ina zai ɗebo? Kamar ka aiki ɗan garuwa ne ka kulle rijiyar.

Wannan bayani ne ya sa na gane lissafin kuɗin wuta. Daffaya duk kilowat ɗaya da ta ci, zafin kilowat ɗaya take bayarwa, ba ƙari. Mai dakon zafi kuwa, a sanyi irin na nan, kilowat ɗaya kan kawo maka zafin kusan uku. Tun Janairun 2018 kuɗin wutar gidaje a Saudiyya halala 18 ne kan kowane kilowat na awa har zuwa 6,000 a wata, abin da ya haura kuma halala 30, ban da haraji (halala ɗari ne riyal ɗaya). Daffaya ɗaya mai wat 2,000, awa goma kullum, kwana talatin, ta ci 600 ke nan, riyal 108. Ɗumi daidai wannan daga mukayyif bai wuce sulusin haka da yawa ba. Sai dai a yi hattara: ba duk abin da aka rubuta wa "zafi da sanyi" ne ke wannan dako ba. Na taga da ke ɗakin yara, da Kawu ya buɗe shi, waya ce kawai mai yin ja a ciki, daffaya ce aka saka wa riga. Wanda zai saya ya tambaya tun a shago, ya kuma duba takardar nan mai launuka da ake mannawa a jiki mai nuna cin wuta.

Abu na biyu da ya firgita mu ya faru ne a Janairu, daren da aka yi yayyafi. Muna zaune sai ɗumi ya ɗauke, aka ji wani "fuuu" a cikin bango, ƙaramar fitila ta kama ƙiftawa. Mai gadin gidan ya ƙwanƙwasa ƙofa a guje, wai hayaƙi yana tashi daga na'urarmu. Inna ta fara salati. Na hau da gudu na tarar tururi ne, ga ruwa yana ɗiga ƙarƙashin akwatin. Ashe idan sanyi ya haɗu da laima, ƙanƙara kan taru a ƙarafan waje ko ba darduma, sai na'urar ta juya da kanta na 'yan mintoci ta narkar da ita, ta tsayar da fankar ciki don kada ta busa muku sanyi, sannan ta koma aikinta. Ba a kashe ta a wannan lokaci. Haka ma jinkirin nan na farkon kunnawa, jira take ƙarafan ciki su yi ɗumi, kuma idan an kashe an kunna nan take takan yi kamar minti uku don kare kwamfiresa.

Sauran abubuwan amfani na yau da kullum a hankali na koya. Kai lamba 30 ba ya sa ɗaki ya yi saurin ɗumi, sai dai ya hana na'urar hutawa. Mu 22 muke bari da hunturu, 24 da bazara. Fikafikan iska a sunkuyar da su ƙasa, domin iska mai ɗumi sama take hawa, in ba haka ba silin ya ji daɗi ƙafafunku na daskarewa. Nawa mai inbata ne, irin wanda ke rage gudu maimakon ya tsaya, don haka barinsa yana tafiya a hankali ya fi kashe-kunna. Na toshe ƙasan ƙofa da tsumma da aka ɗinke, muka sa labule mai kauri. Iskar ɗakin takan bushe, leɓe ya tsage, kaushi ya taso, don haka man kaɗanyar da 'yan uwa ke kawo mana tsaraba lokacin Umara ya samu aiki. Kuma gaskiya ita ce, daren da sanyi ya kai maƙura ƙarfinsa kan ragu, bargo bai yi ritaya ba.

Inda na yi asarar kuɗi kuwa bazara ce. A Yuli na ɗakin Inna ya daina sanyi sosai. Na kira wani mai gyara da na ga lambarsa a manne a bango. Ya hau, ya jona tiyo, ya ce firiyon, wato gas ɗin ciki, ya ƙare, ya ƙara, ya karɓi kuɗinsa. Bayan sati shida muka koma gidan jiya. Ya dawo, ya sake ƙarawa, ya ce zafin bana ne ke shanye gas. Na yarda, tunda a tunanina kamar man mota ne. A masallaci wani ya haɗa ni da Kawu, farkon saninmu ke nan.

Bai taɓa tukunyar gas ba da ya hau. Ya tsuguna ya shafa yatsa a wani noti inda bututun jan ƙarfe ya shiga akwatin, ya nuna mini: maiƙo ne baƙi, ƙura ta manne a kai. Ya ce in kawo ruwan sabulun wanke-wanke a kofi. Ya shafa da soso, muka zuba ido. Sai ga kumfa tana kumbura a hankali, ta fashe, wata ta taso. "Ka gani? Gas ba ya ƙarewa, zagaye yake yi a rufe. In ya ragu, wani wuri ne ke yoyo. Mai ƙara maka ba tare da ya nemo ramin ba, ruwa yake zuba maka a kwando, kai kana biya." Ya yanke bakin bututun ya sake buɗa shi, ya ɗaure, ya jona wani ƙaramin inji ya zuƙe iska da laimar da ke ciki, sannan ya ɗora tukunyar gas a sikeli ya zuba daidai giram ɗin da aka rubuta a jikin akwatin. Ya kuma sake naɗe bututun, domin rana ta cinye soson da ke jikinsu ya zama gari. Tun ranar ba a sake ƙara masa ko giram ɗaya ba.

Kafin ya sauka ya sa na kashe wutar daga babban makunni, ya miƙo mini tiyon ruwa, ya ce in wanke ƙarafan bayan akwatin da kaina yana kallo. Ruwan da ya fito kamar kunun kanwa. Ya hana ni matse bakin tiyo, domin ƙarafan sirara ne kamar takarda, in sun lanƙwashe iska ba ta wucewa. Ya ce abin da ya shafi gas da wayoyi da allon inbata in bar wa masu shi, amma wanka nawa ne.

Yanzu ragar tace ƙura ta cikin ɗaki duk sati biyu nake zare ta, ranar Juma'a kafin masallaci, in wanke da ruwa, in shanya a inuwa ta bushe sarai kafin in mayar. In an yi guguwar ƙura ba na jiran sati biyun. Siririn tiyon da ke fitar da ruwa ya taɓa toshewa da laka har ruwa ya bi bango ya jiƙa wa Inna sallaya, tun daga nan nake busa shi farkon bazara. Akwatunan sama kuwa sau biyu a shekara nake hawa musu da tiyo, a Afrilu da kuma Nuwamba, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Tattabarun na yi musu maganin da ya dace: ragar waya mai manyan idanu, nesa kaɗan da akwatin, da 'yar rumfa a sama wadda ba ta tare gaba ko baya ba.

Dardumar tana nan, an wanke ta an shimfiɗa a baranda. Kaskon Inna ma yana nan. Da magariba takan sa garwashi biyu a ciki a barandar, ta barbaɗa turaren wuta, ta zagaya da shi ɗakuna, ta mayar waje. Sannan ta zauna bakin gado ta miƙe ƙafa, ta ƙwala wa jikarta kira ta zo ta danna mata hoton rana.