Gardin daren Litinin

Yamai, Talata da hantsi. Na sauka daga gardi, wato aikin kwana a asibiti, zafi ya hana ni barci.

Jiya da la'asar aka kawo wani saurayi ɗan kabu-kabu da mota ta buge a hanyar Doso. Saifa ta fashe, jini ya cika masa ciki, tansiyo, wato ƙarfin bugun jini, ta faɗi zuwa 7 bisa 4. Aka yi masa aiki, aka ƙara masa jini da ruwa har tansiyo ta tashi. Ya iso wurinmu da bututu a maƙogwaro, inji na hura masa iska.

Wajen ƙarfe biyu na dare oksijan ɗinsa ya fara sauka. Hoton ƙirji ya fito fari dama da hagu, alhali huhun bai ji ciwo a haɗarin ba. Babban likitanmu ta zo, ba ta ko dubi sikeli ba, ta ce in ɗauko abin awo irin na teloli in auna tsayinsa. Santimita 170. Girman huhu tsayi yake bi, ba ƙiba ba, don haka kilo 66 muka lissafa, nauyin da ya dace da tsayinsa, inji ya hura iska mililita 6 ga kowane kilo, kusan 400 a kowane numfashi. Tun binciken da aka wallafa a Amurka a 2000 aka ga mililita 6 ga kowane kilo ta fi 12 amfani: mutuwa ta sauko daga kusan kashi 40 cikin ɗari zuwa 31.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bayaninta. Sa'ad da jini ya yi ƙaranci, gaɓoɓi sun yi yunwar oksijan. Da muka maido musu jinin, fararen ƙwayoyin jini suka harzuƙa, suka taru a huhu, ƙananan jijiyoyinsa suka fara yoyo. Ruwan da muka ɗura don ceto shi, wani ya tsiyaye cikin jakunkunan iska. Huhun da ya sha wannan, iskar da lafiyayye zai ɗauka ba komai, shi sai ta yage shi. Ga kuma matsin injin na rage jinin da ke komawa zuciya, ka ƙara matsi tansiyo ta faɗi. Gaba kura baya sayaki.

Da asuba mahaifinsa ya tare ni a baranda, carbi a hannu. "Likita, ba an ce aiki ya yi kyau ba?" Na ce, "Baba, ya yi kyau, huhu ne muke lallaɓawa." Ya ce Allah ya ba mu sa'a.

Mun rage ruwan, tansiyo ta tsaya 11 bisa 7, oksijan kashi 93 cikin ɗari. Na rubuta wa mai karɓata da jan biro: matsin injin kada ya wuce 30. Gobe da dare ni ne kuma.